Motocin lantarki a Arewacin Najeriya

Motar lantarki mota ce da ke tafiya da wutar da aka tara a cikin batir, maimakon fetur ko dizal. Akwai wadda batir kaɗai take dogaro da shi, akwai kuma wadda ta haɗa batir da injin fetur. A shekarar 2024 an sayar da irin waɗannan motoci fiye da miliyan 17 a duniya, wato sama da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, kuma fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka sayar. A Arewacin Najeriya adadinsu kaɗan ne ƙwarai, amma batunsu ya ƙara ƙarfi tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Babban abin da ke riƙe yaɗuwarsu a yankin shi ne rashin tsayayyiyar wutar da za a yi musu caji da ita, sai tsadar sayensu.

Suna

Kalmomin biyu duk aro ne daga Ingilishi, kuma sun daɗe da zama 'yan gida a Hausa. Da yake mota jinsin mace ce, ana cewa motar lantarki, jam'i kuma motocin lantarki. A kafafen yaɗa labarai an fi jin doguwar sigar, wato mota mai amfani da wutar lantarki, a bakin jama'a kuma akan ji mota mai caji, kamar yadda ake cewa fitila mai caji. Wannan na ƙarshe ya fi sauƙi, ya kuma fi kama abin da mai sauraro ke son sani. Motar da ta haɗa injin fetur da batir ba ta da suna ɗaya da kowa ya yarda da shi. A wannan maƙala an kira ta ruwa-biyu, kalmar da Hausawa ke amfani da ita ga abin da ya fito daga asali biyu.

Ire-irensu

Motar batir zalla ba ta da tankin mai, ba ta da salansa, ba ta buƙatar juyen baƙin mai. Batir ɗinta yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin kujeru, daga nan wuta ke zuwa ga na'urar da ke juya tayoyi. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki, na'urar takan koma janareta ta mayar da wani kaso na ƙarfin cikin batir. Ana auna girman batir da kilowat-awa, wato ma'aunin da ake sayen wuta da shi a mitar gida, wanda mutane ke kira yunit. Matsakaiciyar mota tana da batir mai yunit 40 zuwa 80.

Ruwa-biyu iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su. Ta farko ita ce wadda ba a jona ta da soket ko kaɗan. Ƙaramin batir gare ta, injin fetur da birki ne ke cika shi, amfaninta kawai rage shan mai ne, musamman a cikin cunkoso. Toyota Prius da aka fara sayarwa a Japan a 1997 ita ce sananniyar wannan rukuni, kuma ana samun irinta a cikin motocin gwanjo da ke shigowa Najeriya. Ta biyu ita ce ruwa-biyu mai jonawa. Batir ɗinta ya fi girma, ana yi mata caji a gida, tana iya tafiyar kilomita 40 zuwa 100 da lantarki kaɗai kafin injin fetur ya tashi. A ido wannan ita ce ta fi dacewa da ƙasar da wutarta ba ta da tabbas, domin ba za ta ajiye mai ita a hanya ba. Sai dai amfanin nata ya rataya ne kan jona ta kullum. Rahoton da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2024 ya nuna cewa hayaƙin da irin waɗannan motoci ke fitarwa a kan titi ya ninka na gwajin kamfani har sau uku da rabi, saboda masu su da yawa ba sa yi musu caji. Idan ba a jona ta ba, ta zama motar fetur mai jan nauyin batir a banza.

Tarihi

Motar lantarki ba sabuwar ƙirƙira ba ce. Bafaranshe Gaston Planté ya ƙera batir mai karɓar caji a 1859, kuma a 1899 motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa ta lantarki ce, wadda Camille Jenatzy ɗan ƙasar Beljiyam ya tuƙa. Fitowar Ford Model T mai araha a 1908, da zuwan na'urar tayar da inji ta lantarki a 1912, da kuma arahar mai, su suka ba motar fetur rinjaye kusan ƙarni guda. Abin da ya dawo da motar lantarki shi ne batir ɗin litiyom, irin wanda ke cikin wayar hannu, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Tesla Roadster ta fito a 2008, kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fitar da ruwa-biyu mai jonawa a ƙarshen wannan shekarar, sai Nissan Leaf da Chevrolet Volt suka biyo baya a ƙarshen 2010.

Shigowarsu Najeriya

Labarin Chevrolet Volt yana da reshe a Arewa. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da aka haifa a 1966, shi ya zana siffar samfurin motar da kamfanin General Motors ya nuna a birnin Ditiroyit a 2007. Ya fara karatun zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bari ya koma kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, daga nan ya tafi Amurka ya karanci zanen motoci. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi shugaban hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta ƙasa, NADDC, muƙamin da ya riƙe har 2023.

A zamaninsa ne aka ƙaddamar da Hyundai Kona ta lantarki da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, a watan Nuwamba na 2020. Batir ɗinta yunit 64 ne, kuma kamfanin ya ce tana iya tafiyar kilomita 482 da caji ɗaya. A 2021 hukumar ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sannan aka yi irinta a Jami'ar Legas da Jami'ar Najeriya ta Nsukka. Tashoshin na gwaji ne da bincike, ba a gina su don ɗaukar motocin gari ba.

A Maiduguri abin ya ɗauki wata hanya dabam. Mustapha Gajibo, wanda ya kafa kamfanin Phoenix Renewables, ya yi suna wajen cire injinan fetur daga ƙananan bas-bas da kekuna masu ƙafa uku yana sa musu batir, tare da tashar caji ta sola. Gwamnatin Jihar Borno ita ma ta sayo motocin haya na lantarki, waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar a Disamba 2023. Ba abin mamaki ba ne da Maiduguri ta riga sauran biranen Arewa: birnin ya daɗe a yanke daga babban layin wuta na ƙasa bayan da 'yan tayar da ƙayar baya suka lalata turakun lantarki a 2021, mutanensa kuma suka rungumi sola bisa tilas.

Ta fuskar manufa, Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 cewa za ta kai matsayin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. A 2024 gwamnatin tarayya ta cire harajin kayan masarufi na VAT a kan motocin lantarki.

Lissafin kuɗi

Kafin Mayu 2023 ana sayar da litar fetur ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Wannan ya sa lissafin da a da ba shi da ma'ana ya zama abin dubawa.

Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a kowane kilomita 100. A Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. A kan wannan farashi mafi tsada, kilomita 100 zai ci naira 3,400 zuwa 4,500. Motar fetur mai shan lita 8 a wannan nisa za ta ci naira 8,000 idan lita tana 1,000. Dalilin bambancin yana cikin injin kansa: na fetur yana zubar da kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfin man, ko fiye, a matsayin zafi, na lantarki kuwa yana mayar da mafi yawan wutar da ya karɓa zuwa tafiya.

Lissafin yana rushewa da zarar an ɗauke wuta. Ƙaramin janareta na gida ba ya cika ba da fiye da yunit 2 daga litar fetur ɗaya. Wanda ya yi wa motarsa caji da shi zai ƙone lita 8 zuwa 10 kafin ya tara wutar kilomita 100, wato daidai da abin da tsohuwar motarsa ke sha ko ma fiye, ga ƙara da hayaƙi a tsakar gida. Ga kuma lokaci. Soket ɗin gida na yau da kullum yana ba da kilowat 2 zuwa 3, don haka cika batir mai yunit 64 daga ƙasa zai ɗauki fiye da awa 20 ana kan wuta ba yankewa. Na'urar caji ta musamman mai kilowat 7 tana yin aikin a dare ɗaya, ta gaggawa kuma tana kai batir kashi 80 cikin ɗari a cikin awa guda ko ƙasa da haka, amma wannan tana buƙatar layi mai ƙarfi da taransifoma mai lafiya.

Wutar da babban layin ƙasa ke rabawa takan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutane fiye da miliyan 200. A Oktoba 2024 mafi yawan jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu. Duk wanda motarsa ta dogara da layin ƙasa kaɗai, da ta kwana a gida duk waɗannan kwanaki.

Zariya: daga Shika zuwa Sabon Gari

Hanyar da ta tashi daga Sabon Gari ta bi ta Kwangila da Palladan da Samaru ta kai Shika, a kan titin Sakkwato, misali ce mai kyau ta irin zirga-zirgar da lantarki ya fi dacewa da ita. Tsawonta bai wuce kilomita 25 ba, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma fasinjojinta kusan iri ɗaya ne kowace rana. A Samaru akwai babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, da Cibiyar Binciken Aikin Gona. A Shika akwai Asibitin Koyarwa na jami'ar, wanda ya tare can a 2005, da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa. Ɗalibai da ma'aikata da marasa lafiya da masu jinyarsu suna kai da kawowa a ƙananan bas-bas da Keke Napep da babura tun daga asuba. Ga mai zuwa ganin likita kowane mako daga cikin birni, ƙarin kuɗin mota bayan 2023 ya shiga cikin kuɗin magani kai tsaye.

A irin wannan hanya, ribar lantarki ta fi bayyana a abin hawan haya fiye da motar gida. Ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo yana yin kilomita 20 ko 30 a rana, don haka zai daɗe kafin rarar kuɗin mai ta biya tsadar motar. Direban keke kuwa yana wuni a kan titi, kuma mai ne ke cinye babban kaso na abin da ya samu kafin ya cire kuɗin balas na mai keken. Batir ɗin keke ko babur ƙarami ne, 'yan yunit kaɗan, ana iya cika shi da sola, ana kuma iya ɗaga shi. Wannan ya ba da damar tsarin musayar batir, inda direba zai ajiye wanda ya ƙare a tasha ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna. Kamfanin Ampersand yana aiki da tsarin a Ruwanda da Kenya, Spiro kuma ya faro a Benin da Togo kafin ya shigo Najeriya. Wata fa'idar ita ce direba ba sai ya sayi batir ba, wanda shi ne ɓangare mafi tsada.

Rana ita ce arzikin da yankin ke da shi a yalwace. Faranti ɗaya na sola mai wat 500 yana iya ba da kimanin yunit 2 a rana a Arewa, don haka faranti huɗu sun kusa ɗaukar tafiyar kilomita 40 ta ƙaramar mota. Wahalar ita ce rana tana ba da wuta ne a lokacin da abin hawa ke kan titi. Sai dai ko a yi cajin a wurin aiki, inda mota ke wuni a fake, ko a tara wutar a wani batir dabam, wanda kuma ƙarin kuɗi ne. Manyan cibiyoyi masu filin ajiye motoci da rufin gine-gine masu faɗi, irin jami'a da asibiti, su suka fi dacewa da hanya ta farko. Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar wuta mai megawat 7.1 da ta haɗa da sola a 2019, abin da ya nuna ana iya yin aiki mai girman haka a harabar makaranta.

Tafiya mai nisa wani batu ne dabam. Daga Zariya zuwa Kaduna kimanin kilomita 80 ne, zuwa Kano kuma kimanin 150, duk a cikin ƙarfin caji ɗaya. Zuwa Sakkwato kuwa ya kusa kilomita 400, kuma alkaluman da kamfanoni ke bayarwa suna raguwa idan ana gudu da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Matuƙar babu tashoshin caji a Funtuwa da Gusau, direba mai hankali zai fi natsuwa da ruwa-biyu a wannan hanya.

Zariya ba ta rasa masu ilimin aikin ba. Ɗaliban injiniyanci na Jami'ar Ahmadu Bello sun ƙera ƙananan motoci masu suna ABUCAR don gasar Shell Eco-marathon a tsakiyar shekarun 2010, gasar da ake neman wanda zai yi tafiya mafi nisa da makamashi mafi ƙaranci. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, wadda aka kafa a 1986, ita ma a Zariya take, a hanyar Basawa.

Zafi, ƙura da gyara

Batir ɗin litiyom ba ya son zafi mai tsanani, kuma a watannin Maris da Afrilu zafin Zariya yakan tunkari digiri 40. Motocin da ke sanyaya batir ɗinsu da ruwa sun fi jure wannan. Nissan Leaf ta farko ba ta da irin wannan tsari, shi ya sa masu ita a jihar Arizona mai zafi ta Amurka suka koka kan saurin raunin batir a 2012. Darasin yana da muhimmanci a nan, domin mafi yawan motocin da ake saye a Najeriya na hannu ne, irin waɗanda ake kira 'yan Kwatano. Mai sayen motar fetur yakan saurari ƙarar inji ya leƙa hayaƙi. Lafiyar batir ba ta jiyuwa da kunne, sai an jona kwamfuta an karanta, kuma sauya shi na iya cin kuɗin da ya kai na motar kanta. Ƙurar hunturu ita ma tana rage abin da farantin sola ke bayarwa idan ba a goge shi a kai a kai.

Motar lantarki ba ta da filogi, ba ta da kuloc, ba ta da tacen mai, don haka zuwanta gareji ya ragu. Ga mai mota wannan sauƙi ne, ga kanikawa da masu sayar da kayan gyara a Sabon Gari kuma al'amari ne da ya shafi abincinsu, ko da yake tayoyi da giyan kwana da ƙafafun mota suna nan yadda suke, kuma ramukan titi ba sa bambanta mota. Wutar da ke cikin babban batir takan kai bolt 400, a wasu sababbin motoci har 800, alhali masu gyaran wayarin mota sun saba da bolt 12. Kuskure ɗaya a nan yana iya kisa, don haka sana'ar da aka saba koyo ta hanyar kallon maigida tana buƙatar ƙarin horo da kayan kariya.

Ma'adinai da iskar gas

Arewa tana da hannu a ɗaya ƙarshen harkar. An gano ma'adinin litiyom a jihohi da dama, ciki har da Nasarawa da Kaduna da Kwara, kuma a Mayu 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa, da jarin 'yan kasuwar ƙasar Sin. Abin da ake yi a nan tace dutse ne, ana fitar da shi waje a ƙera batir. Haƙar ba bisa ƙa'ida ba da sa yara aiki a ramuka sun jawo suka, kamar yadda ake yi wa haƙar kobalt a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wadda ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya. Sababbin batura na litiyom da ƙarfe da fosfet ba sa buƙatar kobalt, sun fi araha, sun kuma fi jure zafi.

A ɗan tsakanin nan, gwamnatin tarayya ta fi mayar da hankali kan iskar gas ta CNG, da shirin da ta ƙaddamar a 2023. Dalilinta a fili yake: ana iya sa wa motar fetur tukunyar gas ba tare da sayen sabuwa ba. Amma shi ma gas ɗin sai an kawo shi, kuma a 2020 aka fara aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 domin kawo shi Arewa.

Abin da ke faruwa a ƙasashen waje zai shafi kasuwar gida ko da gwamnati ba ta yi komai ba, tunda motar da Turai da Amurka suka saya yau ita ke isowa Najeriya bayan shekara goma ko fiye. A Norwe kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka sayar a 2024 na batir zalla ne. Tarayyar Turai ta amince a 2023 da dokar daina sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi daga 2035, ko da yake daga baya an shiga muhawarar sassauta ta. A nahiyar Afirka, Habasha ta hana shigo da motocin gida masu amfani da fetur da dizal a 2024, tana dogaro da wutar da take samu daga madatsun ruwanta, musamman babbar madatsar da ta gina a kan kogin Nilu.